Daga Bakin Binuwai: Jegon Cilakowa

A wannan wata ba zancen kasuwa ko na makaranta na zo muku da shi ba, zancen tsuntsaye ne. Na san wani zai ce, "To, Malam ya rasa abin rubutu ke nan, ga tsadar masara ga kuɗin makarantar yara, shi kuwa ya koma bin tsuntsu." A yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, za a ga cewa zancen bai yi nisa da bakin rumbu ba.

Daminar da ta wuce, cikin watan Agusta, na tafi duba 'yar gonar da nake nomawa a kan hanyar Pitowa. Tun kafin in isa nake jin saran gatari. Ashe wani dattijo maƙwabcin gonata ne shi da jikokinsa biyu suke kayar da wani tsohon marke da ke kan iyakarmu. Ban ga laifinsa ba, domin kowa ya san Agusta: tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, itacen wuta kuwa kuɗi ne a hannu a cikin Garwa. Da itacen ya faɗi sai kututturen ya dare biyu, sai ɗaya daga cikin yaran ya ja da baya yana salati.

"Kaka, zo ka gani! An liƙe tsuntsu da laka a cikin itace. Ko dai sammu ne aka yi wa wani?"

Muka matsa. Cilakowa ce a cikin kogon, ba gashin fiffike, ba na wutsiya, tana ta ja da ciki tana neman wurin ɓuya, ga 'ya'yanta uku tsirara ko ido ba su gama buɗewa ba. A kan wata aduwa da ke gefe kuma ga namijin, da fara a baki, yana ta tsalle daga reshe zuwa reshe ya rasa inda zai kai ta. Dattijon ya jingine gatari, ya yi shiru, can ya dube ni ya ce, "Malam, ba sammu ba ne, cilakowa ce ke jego. Da na san da mai jego a ciki, wallahi da ban sa gatari ba."

Mun yi iya ƙoƙarinmu, muka haɗa kututturen muka ɗaure da igiya muka jingine a jikin aduwar. Da na koma bayan kwana biyu ban tarar da komai ba sai tururuwa. Wannan abu ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna shi a nan, musamman saboda yaranmu da suka tashi a cikin gari, waɗanda ba su san abin da tsofaffi suka sani ba.

Dattijon nan bai yi kuskure ba da ya ce jego. Cilakowa ba ta saƙa sheƙa irin ta sauran tsuntsaye, ba ta kuma iya huda itace da kanta. Sai ta nemi kogon da ya riga ya samu a jikin tsohon itace, ko wanda wani tsuntsu mai sassaƙa ya huda ya bari. Idan lokacin ƙwai ya yi, wato da damina sa'ad da ƙwari suka yawaita, macen za ta fara shafe bakin kogon da laka, ta shiga ciki, sa'an nan ta ƙarasa liƙewa daga ciki da kashinta da ragowar abinci, har sai abin da ya rage bai wuce wata 'yar tsaga da ba ta fi faɗin yatsa ba. Liƙin nan idan ya bushe yakan yi tauri ƙwarai, maciji da biri da sauran masu satar ƙwai ba sa samun hanya cikin sauƙi.

A ciki za ta yi ƙwai, daga uku zuwa biyar ko shida, ta kwanta a kansu wajen kwana 24. A wannan zama ne take zubar da gashin fiffike da na wutsiya gaba ɗaya, sabo ya tsiro, domin dai ba inda za ta. Tsabta kuwa ba a magana: ta tsagar nan take juya baya ta watso kashi waje, 'ya'yan ma idan suka yi wayo haka suke yi. Idan babban ɗan ya kai kimanin mako uku, ɗaki ya yi musu kaɗan, sai uwar ta fasa liƙin ta fito. Abin mamaki, 'ya'yan da kansu suke sake liƙe ƙofar, ba wanda ya koya musu, su zauna ciki uwa da uba suna kawo abinci har su yi fiffike. Idan aka lissafa, zaman uwar a ɗaki yakan kai kwana arba'in ko ya ɗan ɗara. To, ina matanmu masu wankan jego? Ga 'yar'uwarku a daji.

Duk tsawon wannan zama, mijin ne kaɗai mai cefane. Tun daga fitowar rana har faɗuwarta yana jigila, ya kawo fara, ya kawo tsutsa, ya kawo gara da buzuzu da gyare, ɗaya bayan ɗaya, yana miƙawa ta tsaga. A nan ne hatsarin yake. Yaron da ya harbe namijin cilakowa da danƙo cikin damina yana ganin tsuntsu ɗaya ya kashe, alhali kuwa gida guda ya rufe, domin uwar ko ta fasa ta fito ba ta da fiffiken tashi. Haka nan mai gatarin da ya kayar da itace ɗaya, ba ƙwan bana kaɗai ya ɓata ba, domin cilakowa takan koma kogo guda shekara da shekaru in ba a dame ta ba.

Yayanta burtu, wanda maharbanmu ke ɗaura kansa a goshi su yaudari namun daji, shi ma kogo yake bukata, amma babba, irin na tsohuwar kuka. Shi ba ya liƙe ƙofa ruf kamar cilakowa. Macen takan yi ƙwai biyu, amma galibi ɗa guda ne ke rayuwa. Tsuntsun da ke haihuwa da ƙyar haka, idan manyan itatuwa suka ƙare, ƙarewarsa ba ta da wuya. A shekarar 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya burtu cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ɓacewa. Ku tambayi kanku, yaushe rabonku da jin kukan burtu da asuba a kusa da Garwa?

To, ba cilakowa kaɗai ke da irin wannan al'ajabi ba. Mu bar gona mu gangara kogi. Wanda ya taɓa bin Binuwai ko Mayo Kebbi ko Faro a kwalekwale da rani, ya ga wuraren da ruwa ya zaftare gaɓa ta tsaya tsaye kamar bango, jikinta duk ramuka kamar rariya. Masu ramukan nan su ne tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma, waɗanda a Faransanci ake ce wa guêpier. Akwai kore mai jan maƙogwaro, akwai kuma babba ja jawur mai shuɗin kai. Da baki suke haƙa, suna turo ƙasa waje da ƙafa, ramin babban yakan kai mita ɗaya zuwa biyu, a ƙuryarsa ne ɗakin ƙwai yake. Mai jan maƙogwaron yana da hangen nesa: a ƙarshen damina yake haƙa raminsa tun ƙasa na da laushi, ya bar shi, sai wajen Janairu ko Fabrairu ya dawo ya yi ƙwai.

Yawancin abin da duniya ta sani game da wannan tsuntsu, a ƙasar Hausa aka gano shi. Wani Bature mai suna Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1960, ya daɗe yana zama a bakin rafukan Zazzau yana sa musu zobe a ƙafa yana lura da su, daga baya ya wallafa littafi a kansu a 1984. Ya gano cewa sau da yawa ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai na uku mai taimako, galibi ɗan'uwa da bai samu nasa gidan ba tukuna. Wato gandu ke nan irin namu, inda saurayi ke noma wa gida kafin a yi masa aure. Ya kuma bayyana yadda suke cin zuma da rina ba tare da an harbe su ba: tsuntsun zai cafke ƙwaron a iska, ya koma kan reshe, ya buga kansa a jikin itace, sa'an nan ya runtse ido ya goga gindin ƙwaron har dafin ya fita, kana ya haɗiye.

Shi kuwa babban jan, malalacin wayo ne. An gan shi yana hawa bayan akuya da tunkiya, da tuje, har da jimina, yana zaune kamar sarki a kan doki, duk farar da dabbar ta tayar daga ciyawa sai ya diro ya cafke ya koma mazauninsa. Idan aka sa wa daji wuta da kaka, ku duba sama, za ku gan shi tare da shirwa suna ratsa hayaƙi suna kamun farar da ke gudun wuta.

A ƙasan gaɓar kuma, a kan yashin da ruwa ke janyewa ya bari, akwai wani ɗan tsuntsu mai toka-tokan baya, da ruwan goro a ciki, da baƙin layi a ƙirji kamar ya rataya laya. Littattafan Turawa na kiransa tsuntsun kada, saboda wani tsohon marubucin Girka, Hirodotus, ya rubuta tun fiye da shekara 2,400 cewa akwai tsuntsun da ke shiga bakin kada yana yi masa sakace. Har yau ba a samu tabbatacciyar shaidar haka ba, abincinsa dai ƙwari ne da yake tsinta a bakin ruwa. Amma abin da yake yi na gaskiya ya fi tatsuniyar ban mamaki. Ba ya yin sheƙa ko kaɗan. Ƙwai biyu ko uku yake yi, ya binne su a cikin yashi. Da rana ta take, a irin zafin nan namu na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, yashi kan yi zafin da zai dafa ƙwai. Sai ya ruga cikin ruwa ya jiƙa gashin cikinsa, ya dawo ya kwanta a kan wurin ya jiƙa yashin, ya sake komawa, haka zai yi ta yi har rana ta yi sanyi. Bayan ƙyanƙyasa ma, idan ya hango hatsari sai ya tura yashi da baki ya rufe 'ya'yan. Wani masani ɗan Amurka, Thomas Howell, shi ya bi diddigin wannan hali a bakin kogin Baro na ƙasar Habasha a 1977. A Masar, wadda Turawa suka raɗa masa sunanta, tsuntsun ya daɗe da ɓacewa. Mu kuwa muna da shi a nan, har masu yawon kallon tsuntsaye sun sha tasowa daga Turai zuwa gandun dajin Binuwai don su gan shi. Gandun nan an keɓe shi tun 1932, ya zama gandun ƙasa a 1968, kuma an ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 300 a cikinsa.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, cikar kogi da janyewarsa ba sa bin damina da rani kaɗai kamar da, wannan kuwa ba abin da ni da kai za mu iya canjawa ba ne. Amma motar yashi da ke shiga tsakiyar kogi da rani, da garken da ake korowa ta kan gaɓa mai ramuka, da yaran da ke cusa kara cikin ramukan ko su toshe su da raga, waɗannan namu ne.

Kafin mu baro bakin kogi, mu ɗaga kai mu dubi giginya. 'Yar siririyar tsattsewar nan da ke shawagi kewaye da ita, a iska take cin abincinta, sauro da ƙananan ƙwari da shinge idan ya tashi bayan ruwan farko. Sheƙarta 'yan gashin tsuntsu ne da take liƙawa da miyau a ƙarƙashin ganyen giginya mai reto. Da yake sheƙar a tsaye take kuma iska na kaɗa ta, sai ta liƙe ƙwan ma da miyau, ta maƙale da farce ta rufe su da cikinta. Mai yankan ganyen giginya ya riƙa dubawa.

Yanzu mu koma ga rumbu, kamar yadda na yi alkawari. Abin da ya haɗa tsuntsayen nan duka shi ne ƙwaro. Fara da tsutsa da gara su ne abokan gabar manomin masara da dawa da auduga da masakwa, su ne kuma tuwon waɗannan tsuntsaye, musamman lokacin da suke da bakuna a gida. Ma'aikata ne da ba a biya, ba sa neman ko goro. Ƙasar Sin ta ɗanɗana rashinsu. A 1958 gwamnatin Mao ta ba da umarnin a kashe gwara a ƙasar baki ɗaya, wai tana cin hatsi. Aka fito da gwangwani da ganguna ana kora har tsuntsaye suka riƙa faɗowa don gajiya, aka farfasa sheƙa da ƙwai. An manta cewa gwara da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Ƙwari suka samu sake a gonaki, abin ya ƙara wa yunwar 1959 zuwa 1961 muni, wadda ta hallaka miliyoyin mutane, ko da yake ba shi kaɗai ne sanadinta ba. A 1960 dole aka janye umarnin.

Ba zan ɓoye muku ba, ba duka ne alheri zalla ba. Mai amya ba ya murna da ganin masu cin zuma kusa da amyarsa, kuma yana da gaskiya, maganin abin dai shi ne kada a rataya amya dab da gaɓar da suke zaune. Haka nan carki, wanda dillalan shanu da mahautanmu suka fi kowa sani. Shi ma a kogon itace yake ƙwai, ya shimfiɗa gashin da ya tsige daga jikin dabbobi. Yana cin kaska, amma yana kuma tonon gyambo yana shan jini, har wani bincike da aka yi a kan shanu a Zimbabuwe, wanda aka buga a 2000, ya nuna cewa miki ya fi jinkirin warkewa inda carki ke sauka. Duk da haka a Afirka ta Kudu, inda irin carkinmu mai rawayan baki ya ɓace a farkon ƙarni na 20 bayan annobar bushiya da wankan shanu da magani mai guba, murna aka yi da ya sake ɓulla a gandun Kruger a 1979. Kuma ban ce tsuntsu zai maye gurbin feshi ba. Abin da na ce shi ne, wanda ya kori mai taimako kyauta, kuɗin maganinsa ƙaruwa zai yi.

Wani zai ce ai ana dashen itatuwa. Gaskiya ne, tun shirin Sahel Vert na shekarun 1970, wanda aka farfaɗo da shi a 2008, an dasa darbejiya da yawa a arewacin Kamaru, muna kuwa shan inuwarta a titunan Garwa da Marwa. Amma dashen bana ba ya yin kogo baɗi. Kogo aikin shekaru masu yawa ne: reshe ya karye, ruwa ya shiga, gara ta ci, sa'an nan tsuntsu ya samu ɗaki. Saboda haka itacen da muke gani ya tsufa ya rube, mu ce ba shi da sauran amfani sai wuta, shi ne ya fi kowane tsada a wurinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Na farko, mai gona ya bar ko da tsohon itace ɗaya ko biyu masu kogo a gonarsa, marke ne ko tsamiya ko kanya ko kuka. Na biyu, wanda dole ta sa shi sara, ya kewaya itacen tukuna ya duba: in ya ga tsaga mai shafen laka, ko farin kashi a jikin kututture da ƙasa, ko cilakowa na zarya da ƙwaro a baki, to da mai jego a ciki, ya sassare busassun rassa ko ya jinkirta mako shida zuwa bakwai. Na uku, iyaye da malaman allo da na boko su ja kunnen yara game da danƙo, musamman da damina. Na huɗu, masunta da masu ɗiban yashi da makiyaya su kauce wa gaɓa mai ramuka daga Janairu har faɗuwar ruwa, kogi ai da faɗi. Na biyar, mai feshi ya bi ƙa'idar da malamin gona ya faɗa masa, kada ya wanke tankin feshi a kududdufin da tsuntsu da dabba ke sha. Uwargida kuma in da hali ta koma murhu mai tsimin itace, domin itacen da bai shiga wuta ba, yana can tsaye a daji.

Daɗin daɗawa, a nan Garwa muke da makarantar horar da ma'aikatan gandun daji, wadda aka buɗe a 1970, ɗalibai na zuwa cikinta daga ƙasashen Afirka da dama. Abin kunya ne a ce baƙo ya taso daga Senegal ko Gabon ya san sirrin cilakowarmu, ɗan Hausare kuwa ya gan ta ya ce sammu ne. Shugabannin makarantunmu su nemi a riƙa kai yara ziyara, gani ya kori ji.

Dattijon nan maƙwabcina, da na gamu da shi a kasuwar Pitowa ran wata Lahadi bayan girbi, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, akwai wata tsamiya mai kogo a ƙasan gonata, na gaya wa yara ko bayan raina kada wanda ya taɓa ta." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, ya ba da tsawon rai."

A ƙarshe ina da roƙo ga dattawanmu na Garwa da Marwa da Ngaundare da Gidar da sauran wurare. Sunayen tsuntsaye na Hausa suna ɓacewa daga bakin yaranmu fiye da yadda tsuntsayen ke ɓacewa daga daji. Duk wanda ke da sunan wani tsuntsu, ko kirarinsa, ko wani hali nasa da ya gani da idonsa, ya rubuto mana ta hannun edita, za mu buga a wannan fili domin na baya su amfana.